Filasma da fatar roba: yadda ake sarrafa kaushi da ƙin ruwa

Duk wanda ya taɓa gwada rubutu a kan leda ya ga tawadar ta dunƙule ta ƙi zama, ko ya liƙa robobi biyu da gam suka rabu kafin a je ko'ina, ya riga ya san matsalar da wannan fanni ya taso domin magancewa. Roba, wadda masana ke kira folima saboda an gina ta da dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari masu maimaita kansu, tana da arha, ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, amma fatarta ba ta son hulɗa da komai: fenti yakan ɓare, gam ya ƙi kamawa, ƙwayoyin halitta su ƙi yaɗuwa a kanta a ɗakin gwaji. A gefe guda kuma akwai masu neman akasin haka, wato fatar da ruwa ba zai sami wurin zama a kanta ba ko kaɗan, sai dai ya gangare ya tafi da ƙurar da ya tarar. Na'ura guda ce, ta filasma, ke biyan buƙatun nan biyu masu karo da juna, kuma abin da ke raba sakamakon shi ne irin iskar da aka zuba mata da tsawon lokacin da aka bar robar a ciki.

Abin da ya sa aikin yake yiwuwa shi ne ruwa da gam da tawada ba su da labarin abin da ke cikin roba. Iyakar abin da suke taɓawa shi ne jerin ƙwayoyin zarra da ke can sama, saboda haka idan aka sauya nanomita goma na farko, ko ma ƙasa da haka, an sauya halin fatar gaba ɗaya alhali ƙarfin robar da lanƙwasuwarta suna nan yadda suke. Domin a gane ƙanƙantar wannan awo, kaurin gashin ɗan Adam yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000.

Filasma iska ce da aka ɗora wa wutar lantarki har wasu ƙwayoyinta suka saki ilektiron ɗinsu, ta zama cakuɗen ilektiron da ayon (ƙwayoyin da suka saki ilektiron ɗin) da gutsattsarin ƙwayoyi masu neman abin da za su manne wa, tare da haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Irving Langmuir, masanin sinadarai na Amurka, shi ya raɗa mata wannan suna a 1928. Rana filasma ce, walƙiya ma haka, kuma da irin waɗannan za a kusantar da roba da ta ƙone nan take. Wadda ake aiki da ita a nan ita ce filasma mai sanyi. Ana zuƙe iskar wani akwati har matsinta ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na matsin iskar duniya, a shigar da ɗan oksijin ko agon ko wata iskar da aka zaɓa, sannan a kunna wuta mai kaɗawa da sauri, galibi a kan megahaz 13.56 da aka keɓe wa masana'antu. Ilektiron, saboda rashin nauyinsu, sukan kwashi kuzarin da ya yi daidai da zafin dubban digiri, har dubu goma zuwa sama, amma ragowar iskar mai nauyi takan tsaya kusa da ɗumin ɗaki. Wannan rashin daidaito shi ne sirrin sana'ar. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon, ko kabon da haidirojin, yana buƙatar kuzarin da ya kai kimanin ilektiron-bolt uku da rabi zuwa huɗu da ɗoriya kafin ya tsinke, kuma filasma mai sanyi tana da isasshen kuzarin tsinka shi a saman fata ba tare da ta narkar da abin da ke ƙarƙashi ba.

Kafin a yi maganar abin da filasma ke yi, dole a san yadda ake auna ƙin ruwa. Ana ɗiga ɗan ƙaramin ɗigo a kan fatar, a dube shi daga gefe, a auna kusurwar da bakinsa ya yi da fatar ta cikin ruwan. Idan ɗigon ya baje, kusurwar ƙarama ce. Idan ya dunƙule kamar ƙwallo, babba ce. Thomas Young na Ingila ya bayyana a 1805 cewa wannan kusurwa sakamakon ja-in-ja ce tsakanin ƙarfin da ke haɗa ruwa da kansa da ƙarfin da ke jawo shi zuwa ga fatar. Ruwa yana riƙe kansa da ƙarfi sosai, kimanin milinyuton 72 a kowace mita, yayin da kuzarin fatar foliyetilin, robar da ake yin leda da ita, bai wuce 31 ba, na Teflon kuma yana wajen 18 zuwa 20. Ruwa ya fi samun abin riƙo a jikin kansa fiye da jikin irin waɗannan robobi, shi ya sa yake dunƙulewa. An saba cewa fatar da kusurwarta ta gaza digiri 90 mai son ruwa ce, wadda ta haura mai ƙin ruwa ce, wadda kuma ta wuce digiri 150, ɗigo yana gangarewa daga kanta da an karkata ta ƙasa da digiri goma, ita ce mai matuƙar ƙin ruwa.

Aikin filasma na farko a kan sinadarin fata yake. Idan oksijin aka zuba, gutsattsarinsa sukan fizge haidirojin daga sarƙoƙin roba su maye gurbinsa da rukunonin da ke ɗauke da oksijin, irin su haidiroksil da kabonil da kaboksil, waɗanda ruwa ke iya ƙulla alaƙa da su. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan kusurwar ɗigo takan faɗi warwas. Wannan ɓangare ya daɗe da shiga masana'antu. Injiniyan ƙasar Denmak Verner Eisby ya ƙirƙiro hanyar korona a 1951, inda ake wuce da leda ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki a sararin iska domin tawada ta kama, kuma har yau masu buga rubutu a kan leda suna gwada ta da alƙalamin dayin, mai auna kuzarin fata da awo irin na milinyuton a kowace mita, suna neman kimanin 38 zuwa sama kafin su fara bugu. Ta wannan hanya ko 'yan uwanta ake shirya bambar mota ta foliforofilin kafin fenti, da farantan folisitirin da ake renon ƙwayoyin halitta a cikinsu. Idan kuwa iska mai ɗauke da fulorin aka zuba, kamar CF4 ko C4F8, fatar takan lulluɓe da ɗaurin kabon da fulorin, ta ɗauki halin Teflon, kusurwar kuma ta hau.

Sai dai sinadari shi kaɗai yana da iyaka. Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938, yana ba da kusan digiri 110 idan fatarsa sumul take, kuma ko an jera rukunonin fulorin mafi ƙin ruwa a cunkushe a kan fata sumul, ba a wuce kimanin digiri 120. Tazarar da ke tsakanin 120 da 150 kaushi ne kaɗai ke cike ta, kuma a nan ne batun yake da zurfi.

Robert Wenzel ya nuna a 1936 cewa idan ruwa ya shiga kowane lungu na fata mai kaushi, faɗin wurin da yake taɓawa ya ƙaru, don haka duk halin da fatar take da shi sai ya ninku. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ɗauki kosain na kusurwar fata sumul, a ninka shi da adadin da kaushi ya ƙara wa faɗin fatar. A ce kaushi ya ninka faɗin sau biyu. Fatar da take da digiri 110 za ta koma kusan 133, wadda kuma take da digiri 70 za ta sauka zuwa kusan 47. Abin lura a nan shi ne kaushi ba shi da ɓangare. Amsa-kuwwa yake yi wa sinadari, yana ƙara wa mai son ruwa so, yana ƙara wa mai ƙi ƙiyayya. Shekara takwas bayan haka, a 1944, Cassie da Baxter, waɗanda ke bincike kan yadda tufafi ke hana ruwa shiga, suka bayyana yanayi na biyu, inda ruwa ba ya shiga lungunan kwata-kwata, sai ya zauna a kan ƙololuwar tudun, iska kuma ta maƙale a ƙarƙashinsa. Idan kashi goma cikin ɗari kawai na gindin ɗigon ke taɓa roba, sauran kuma iska ce, fatar nan mai digiri 110 za ta nuna kusan 159. Wannan ne yanayin ganyen lotus, tsiron ruwa mai kama da bado, wanda Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis na Jami'ar Bonn a Jamus suka bayyana a 1997: ƙananan ƙuraje a fatar ganyen, a kansu kuma ɓarɓashin kakin zuma irin na tsiro wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wato kaushi hawa biyu, kuma kusurwar ɗigo a kansa tana wajen digiri 160.

To ta yaya filasma ke samar da kaushi a kan roba sumul? Gutsattsarin oksijin ba sa tsayawa a kan mannewa. Idan aka ba su lokaci sukan cinye sarƙar ɗungurungum, su mayar da ita iskar kabon da tururin ruwa da famfo ke zuƙewa. Da cin yana tafiya daidai a ko'ina, da fatar za ta ragu ne kawai ta zauna sumul. Amma ba ya tafiya daidai. A robobin da ke da sassa biyu, kamar PET da ake yin gorar ruwa da shi, inda wasu sarƙoƙin suke jere a tsare wasu kuma a hargitse, filasma ta fi saurin cinye hargitsattsun, sai tsararrun su rage a tsaye. Ayon kuma, saboda wutar da ke taruwa kusa da fatar tana fizgo su kai tsaye daga sama, suna haƙa ƙasa fiye da gefe, abin da ke mayar da ɗan bambanci ya zama rami mai zurfi.

Akwai hanya ta uku wadda a ganina ta fi sauran cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa ɗakunan gwaji biyu kan bi ƙa'ida ɗaya su sami sakamako daban. Ayon ba robar kaɗai suke duka ba. Suna dukan bangon akwatin da farantin da aka ɗora robar a kai, waɗanda sau da yawa da alminiyam ko alumina aka yi su. Ƙwayoyin ƙarfen da suka ɓalle sukan sauka a kan robar jefi-jefi, kuma oksijin ba ya iya mayar da su iska. Kowane ɗan ɗigon ƙarfe sai ya zama laima ga robar da ke ƙarƙashinsa, a cinye kewayensa a bar shi a kan ginshiƙi, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye ƙasa ya bar tudu siriri a ƙarƙashin kowace tsakuwa. Ƙungiyar Evangelos Gogolides a cibiyar bincike ta Demokritos da ke Atina, a ƙasar Girka, ta yi aiki mai yawa wajen nuna rawar da wannan ɓarɓashi ke takawa. Ma'anar haka ita ce abin da wani zai kira datti shi ne ainihin mai zana fatar, kuma wanda ya rubuta ƙarfin wuta da matsin iska da mintunan aiki amma bai faɗi abin da aka yi bangon na'urarsa da shi ba, ya bar mai karatu da rabin bayani.

Daga nan tsarin da aka fi bi ya fito fili, kuma mataki biyu ne. Da farko a sassaƙa fatar da filasmar oksijin na wasu mintuna har ginshiƙai su tsiro, a lokacin kuwa takan zama mai matuƙar son ruwa, ɗigo ya baje ya tsotse cikin lungunan nan take. Sannan, sau da yawa ba tare da an buɗe akwatin ba, a sauya iska zuwa C4F8 a shimfiɗa wani siririn mayafi mai fulorin, mai kaurin 'yan nanomita goma-goma, wanda ke bin siffar ginshiƙan ba tare da ya cike tsakaninsu ba. Siffar ba ta canza ba, amma fatar ta tashi daga kusa da sifili zuwa sama da digiri 150. Da wuya a sami gwajin da ya fi wannan nuna cewa kaushi da sinadari abubuwa biyu ne daban. Matsalar ita ce a yawancin ayyuka filasma tana taɓa su biyun a lokaci guda, shi ya sa ba a gamsuwa da awon kusurwa kaɗai: ana buƙatar na'urar XPS domin ta faɗi irin ƙwayoyin da ke saman fatar, da madubin ilektiron ko na'urar AFM, wadda aka ƙirƙiro a 1986, domin su nuna tudu da kwari.

Ita kanta kusurwar tana iya yaudara. Furen wardi yana ba da kusurwar da ta haura digiri 150, amma ɗigon yana manne masa ko an kifar da shi, kamar yadda masu bincike a ƙasar Sin suka bayyana a 2008. Dalili shi ne ruwan ya kutsa cikin manyan lungunan ya sami wurin kamawa. Abin da ke nuna ko ɗigo zai gangare shi ne bambancin kusurwar gabansa lokacin da yake ci gaba da ta bayansa lokacin da yake janyewa; idan bambancin kaɗan ne zai mirgine, idan babba ne zai tsaya cik. Hoton ɗigo guda mai kama da ƙwallo yana da kyau a ido, amma ga mai son fatar da ke wanke kanta, wannan bambancin ne ya kamata ya fara tambaya.

Babban raunin fannin, wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa idan ana yabon sakamako, shi ne tsufa. Fatar roba ba dutse ba ce. Sarƙoƙinta suna motsi. Rukunonin oksijin da filasma ta dasa suna da kuzari mai yawa, kuma idan iska ce kawai a samansu, sarƙoƙin sukan juya a hankali su binne su a ciki, yayin da gajerun sarƙoƙin da ba a taɓa ba ke tasowa daga ƙasa su rufe fatar. Robar silikon da ake kira PDMS ita ce misali mafi bayyana. Kafin a taɓa ta kusurwarta tana wajen digiri 110, filasmar oksijin takan mayar da samanta wani siririn ɓawo mai kama da gilashi wanda ruwa ke bajewa a kai, amma cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki sai ta koma kusa da yadda take. Masu ƙera ƙananan hanyoyin ruwa na gwaje-gwajen asibiti, bisa tsarin da ƙungiyar George Whitesides ta Jami'ar Harvard ta yaɗa tun 1998, sun san cewa dole su haɗa PDMS da gilashi cikin mintuna kaɗan bayan fitowa daga filasma, in ba haka ba haɗin ba zai kama ba. Ajiye robar a cikin ruwa ko a wuri mai sanyi yana jinkirta komawar, haka nan filasmar agon ko hiliyam da ke ɗaure sarƙoƙin sama da juna har su kasa juyawa, dabarar da Hansen da Schonhorn suka bayyana a 1966. Ƙara lokacin aiki kuwa ba magani ba ne, domin idan aka wuce gona da iri sarƙoƙin sama sukan daddatse su zama wani ɓarɓashi mai narkewa a ruwa, wanda ke nuna kusurwa mai kyau a awon farko, amma gam ya kama shi ya ɓalle tare da shi.

Fatar mai matuƙar ƙin ruwa tana da nata rauni, kuma na siffa ne. Ginshiƙan da suka fi riƙe iska su ne sirara masu tsawo, su ne kuma yatsa ko tsumma ke kwantarwa da shafa ɗaya. Ko ba a taɓa su ba, matsin ruwa mai zurfi ko saukar ɗigo da ƙarfi na iya korar iskar da ke ƙasa, fatar ta faɗa daga yanayin Cassie zuwa na Wenzel, kuma ba kasafai take komawa da kanta ba sai ta bushe. Raɓa ta fi haɗari, domin tururi yana daskarewa ne daga cikin lungunan, ya cika su daga ƙasa. Ga robar da ake son a gani ta cikinta kuma akwai wata iyakar: da zarar girman kaushin ya kusanci tsawon zangon hasken da ido ke gani, wato nanomita 400 zuwa 700, sai fatar ta yi fari kamar hazo. Idan aka tsayar da shi ƙasa da haka sosai, yana ma rage ƙyallin fatar ya ƙara hasken da ke ratsawa, amma tazarar da ke tsakanin isasshen kaushi da wanda ya yi yawa ƙarama ce, wani lokaci bambancin minti ɗaya ko biyu a cikin akwati.

Ana yawan yabon filasma da cewa aiki ne busasshe, ba ya buƙatar baho-bahon asid ko sinadaran narkarwa, kuma wannan gaskiya ce mai nauyi. Amma iskokin fulorin suna da nasu lissafin. CF4 yana iya daɗewa a sararin samaniya kimanin shekara 50,000, SF6 kuma ya fi iskar kabon riƙe zafi sama da sau 23,000 idan aka auna a kan shekara ɗari, don haka na'urar da ba ta da abin lalata iskar da ke fita daga famfonta ba ta cancanci a kira ta mai tsabta ba. Dangin sinadaran PFAS, masu ɗaurin kabon da fulorin, ma suna ƙarƙashin matsin doka: Yarjejeniyar Stockholm ta sanya ɗaya daga cikinsu, PFOS, cikin jerin abubuwan da ake taƙaitawa a 2009, wani kuma, PFOA, cikin jerin waɗanda za a kawar a 2019. Wannan ya tura masu bincike zuwa ga mayafai marasa fulorin, musamman na HMDSO, wani ruwa mai ɗauke da silikon da ake turara shi cikin filasma ya bar fata mai rukunonin metil. A kan ruwa yana aiki sosai idan kaushin ya yi daidai, har ya haura digiri 150.

A kan mai ne yake gazawa. Mai yana riƙe kansa da ƙasa da rabin ƙarfin ruwa, galibi tsakanin milinyuton 20 da 35 a kowace mita, saboda haka a kan fata sumul mai metil kusurwarsa tana ƙasa da digiri 90 sosai, kuma bisa lissafin Wenzel kaushi zai ƙara masa bajewa ne kawai. Masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka sun nuna a 2007 cewa ana iya riƙe irin waɗannan ruwaye a sama idan ginshiƙan suna da kai mai faɗi da wuya siriri kamar tsiron nan da ake kira naman kaza, ta yadda bakin ruwan zai rataye a gefen kan ya kasa sauka. Samar da wannan siffa da gangan yana buƙatar zanen haske irin na masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai tsada da jinkiri, alhali filasmar da ke sassaƙa fata ba tare da zane ba tana ba da ginshiƙai masu tsini ko dunƙulallun zaruruwa, waɗanda wasunsu kan yi kai mai faɗi bisa dace wasu kuma ba sa yi, kuma duk inda siffar ta gaza a faɗin fatar, ta nan mai zai fara kutsawa.